Ranar da Guduma Ya Ɗaga Kibod

Tun yana yaro ake ce masa Guduma, don hannunsa yakan riga bakinsa magana. Ya fasa wa ɗan ajinsu kai da dutse, ya ɓalle ƙofar ɗakin yayansa da ƙafa ɗaya. Da ya koyi rubuta manhaja mahaifiyarsa ta yi hamdala, ta ce ko ba komai kwamfuta ba ta kai ƙara.

Yayan matarsa, wanda ake kira Dogo, shi ya samo masa aiki a kamfanin da yake, na jigilar kaya. Teburinsu ɗaya, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara. Babbar kwamfutar kamfanin, wadda suke ce wa saba, takan harhaɗa bayanin kowane kaya nan take: kaya a cikin mota, mota da direbanta, direba da lambar wayarsa, wani cikin wani. Ita kuwa manhajar wayar abokan ciniki shimfiɗaɗɗen bayani mai tsarin da ake kira JSON kawai take karɓa, kowane suna da abin da ke gabansa, a jere. Aikin Guduma ke nan, ya bi ya warware ya shimfiɗa. Ya kuma iya, ko maƙiyinsa ya sani.

Wata safiya Dogo ya yi ɗan gyara bai gaya wa kowa ba. Ya sa direba ma ya riƙa ɗauke da bayanin motarsa. Sai kod ɗin Guduma, wato umarnin da ya rubuta wa kwamfuta, ya shiga mota ya tarar da direba, ya shiga direba ya tarar da mota, ya yi ta zagaye har saba ta cika ta faɗi. Oga ya fito ya wanke Guduma tas a gaban kowa.

Guduma ya bincika, ya ga inda aka taɓa.

"Yaya, kai ka yi wannan?"

"Ni ne," in ji Dogo, ko juyowa bai yi ba. "Da ka iya aikinka da ka sa masa birki."

Kibod ɗin kwamfuta ne ya fi kusa. Guduma ya fizge shi da waya da komai ya shimfiɗa wa Dogo a baki. Maɓallai suka watse, jini ya fantsama a allon kwamfuta. Dogo ya tofar da haƙori, ya sunkuci kujerar ƙarfe ya sauke masa. Guduma ya tare da hannun dama, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Duk da haka bai saki wuyan rigar Dogo ba sai da masu gadi suka ɓamɓare shi.

An kore su duka biyun. Matar Guduma ta yi jinyar hannunsa, in ta gama ta wuce gidan yayanta da abinci mai ruwa-ruwa.

Ƙashin ya haɗe a karkace. Yanzu a gida Guduma yake karɓar ƙananan ayyuka, yana buga kod da hagu, a hankali. Dogo ya yafe, amma in sun haɗu wajen surukai yakan zauna kusa da ƙofa.