Ƙunshin kayan Baba

Kowa a gidanmu ya yi wa injin wankin nan ƙage. Baba ya ce ɗan gwanjo ne, an cuci Yaya da ya sayo shi a Kano. Yaya ya ce wutar janareto ce ba ta isarsa. Mai gyaran da aka ɗauko daga Kwanar Dangora ya zagaya shi sau biyu, ya ce simintin tsakar gidanmu ne ya karkace, ya cusa masa guntun katako a ƙarƙashi, ya hau babur ɗinsa. Washegari injin ya tofar da katakon.

Irin mai baki biyun nan ne, gefe guda na wanki, gefe guda na matsewa. Wankin lafiya lau. Amma da an murɗa na matsewar sai ya kama gaf-gaf-gaf, ya dinga tafiya har bakin rijiya, kaji suna watsewa. Baba ya gaji, ya ce in ya ƙara yi masa wannan hauka sau ɗaya, a jefa shi sito. Ni abin ya fi dama. Mu tara ne a gidan, kuma kafin zuwansa ni ce injin, har tafin hannuna ya tsattsage saboda sabulu.

Na lura ba kullum yake yi ba. Sai na fara ɗora kofin ruwa a kan murfinsa, don in gane lokacin da yake girgiza. Ran Litinin na matse kayana, ruwan ko motsin kirki bai yi ba. Ran Alhamis Umma ta zuba, kofin ya yi tsalle ya faɗo. Allah ya taimake ni Baba yana gona. Na kashe, na buɗe, sai ga wani ƙaton ƙunshi a jiƙe, an ɗaure shi tamau da zani, ya kwanta a gefe ɗaya, 'yan rigunan yara suna ɗaya gefen.

"Umma, mene ne wannan?"

"Kayan masallacin babanku ne. So kike in cakuɗa su da wandunan yara masu fitsari?"

"To ai an riga an wanke su!"

"An wanke a idonki."

Na ce mata ko jaki aka yi wa lodi gefe ɗaya ai sai ya yi ta tangaɗi, balle abin da ke juyawa da gudu. A kwance ƙunshin, a baza kayan su zagaye ciki, shi ke nan.

"Iye! 'Yar sakandare za ta koya min tsarki. Matsa min, uwar iyayi."

Ta sake ɗaure abinta. Na tsaya ina huci. In na faɗa wa Baba, zai ce na ɗora wa uwata laifi. In na yi shiru, Alhamis mai zuwa injin yana sito, ni ina gaban baho.

Don haka na yanke shawara. Ran Alhamis tun da hantsi, kafin Umma ta taɓa komai, zan kwashi kayan Baba su kaɗai, in fara da su injin yana tsaf, in baza su da hannuna, in ɗora kofin, in ajiye mata kujera a gabansa ta gani da idonta. Zanin ɗaurin kuwa, tun Laraba zan cusa shi ƙasan akwatina.