Azumin Ƙarya a Gamboru

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanyar Maiduguri daga Kano, mu uku a mota da direba da wani abokin tafiyata, ni a gidan gaba tunda ni ne babban baƙo. Wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai aikin sasanta al'umma ce ta gayyace ni in yi jawabi kan yafiya. Ni kuwa in dai jawabi ne, a bar ni da shi.

Hanya ba laifi har Potiskum, inda tsadar tsire ta sa direbanmu ya tambayi mai naman ko saniyar 'yar sarauta ce. Daga Damaturu hira ta mutu. Shingen sojoji bayan shinge, ga kangayen gidaje a gefen titi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Da la'asar muka shiga gari, inuwar darbejiya da ƙamshin turaren wuta suka tarbe mu.

Ranar Laraba aka yi taro a otal. Wani dattijo daga gabashin Afirka ya ba da labarin yadda a ƙasarsu wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa dangi suka koma noma gona ɗaya. Na miƙe na kawo aya, na kawo hadisi, aka yi ta tafi har kaina ya kumbura.

Washegari aka kai mu unguwar Gamboru, ƙofar gidan Bulama, wato mai unguwa. Maganar wani saurayi ce da aka sace daga ƙauyensu yana yaro, ya girma a daji da bindiga, ya tuba ya fito. So yake a bar shi ya zauna a unguwar yana gyaran keke. Bulama ya ce, "Mu a nan, wanda aka ci kwano ɗaya da shi ya zama ɗan gida. In aka ƙi ci, sai ya nemi wani gari."

Aka kawo tiren burabisko da miyar bandar kifi, aka zaunar da ni dab da saurayin don a girmama ni. Na dubi hannunsa. Na tuna abin da mai yiwuwa hannun nan ya aikata. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ayya, ai ina azumin Alhamis." Alhali shayi da wainar ƙwai na nan kwance a cikina tun safe. Abokin tafiyata, wanda muka karya tare, ya sunkuyar da kai.

Ganin malamin Kano ya janye hannu, wasu mutum biyu suka tuna suna da uzuri, suka sa takalma. Wani tsohon dillalin shanu da aka kashe wa 'ya'ya ne ya matso, ya yi bismilla, ya tura wa saurayin tsokar kifi gabansa. Suka ci. Amma Bulama ya ce tunda zama bai cika ba, sai an sake wani.

Kada in ɓoye muku komai. Daga nan na ce zan sayi hula a Kasuwar Litinin, wadda take ci kullum, na laɓe bayan wata rumfa na ci gasasshen kifi, ina waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Ana kiran magariba mai gadin otal ya ce ana sallama da ni. Saurayin ne, riƙe da ƙullin dabino da kunun gyaɗa a kwano, duk ya yi gumi. Cikin Hausarsa mai karin Barebari ya ce, "Malam, ga abin shan ruwa. An ce mai ciyar da mai azumi yana samun lada irin nasa. Ni kuwa kowane lada ina bukata."

Na karɓa, na sha a kan ƙoshi yana kallona da murna. Ya ce, "Allah ya karɓa, Malam." Na ce amin. Wallahi tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan amin ɗin ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni mai jawabi, na bar shi ya tafi da ƙaryata.

A hanyar dawowa, da muka iso Potiskum, abokin tafiyata ya ce, "Malam, yau da azumi, ko a sayo tsiren da kai?" Ban iya dariya ba.

Na iso gida da darasi guda: masu zuwa daga ƙasashen duniya za su iya kama otal su tara mu, amma ba za su iya sa hannunmu a kwano ba. Jiya na kira Bulama na tambayi ranar sake zama. Ya ce Alhamis mai zuwa, ko a ɗaga saboda azumina? Na ce kada a ɗaga. Na roƙe shi a zaunar da ni inda aka zaunar da ni, kuma ina da maganar da zan faɗa kafin a yi bismilla.