Tambayar Maman Irimiya

Duk mai bin hanyar Maitumbi da yamma ya san Elizabet, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai soya doya kusa da inda motocin Gwada da Kuta ke lodi. Mu dai Maman Irimiya muke ce mata, kuma ba mu daina ba, duk da cewa Irimiyan yana kabari.

Daga wani ƙauye take a bayan Kuta. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata gonar doya da ɗa guda, ita ta riƙa noman har yaron ya isa riƙe fartanya. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, samari sun ɓuya a wani kogo bayan rafi, wurin da baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Samuel, ɗan maƙwabciyarta, abokin Irimiya tun suna wasan ƙasa, shi ya nuna wa 'yan bindigar hanya, a can suka kashe Irimiya. Daga baya aka kama shi, yanzu yana gidan yari.

Gudun hijira ya zubo matan biyu a Minna, unguwa ɗaya, coci ɗaya. Da aka raba mu ƙungiya-ƙungiya don nazarin Littafi Mai Tsarki, sai ga su duka a tsakar gidana kowace Laraba. Wanda ya yi wannan rabon, Allah ya ƙara masa basira, don da sauransa.

Malam Ishaku ke jagorantarmu, tsohon malamin makaranta, mutumin kirki, amma ba ya barin tambaya ta kwana. Ko bai san amsa ba sai ya nemo mata aya. Mun yi gardama kan inda Kayinu ɗan Adamu ya samo matar aure, mun yi kan burukutu har aka kusa ba hammata iska. Elizabet ba ta sa baki. Takan zo da ƙaurin hayaƙi a zaninta, ta zauna a ƙarshen benci, nesa da Maman Samuel.

Wata Laraba Maman Samuel ta miƙe ta ce tana da shaida. Masu wa'azin gidan yari sun ziyarci ɗanta, ya yi kuka, ya tuba, har an yi masa baftisma. Aka ɗauki Halleluya da tafi. Ni kuwa Elizabet nake kallo. Sai da wurin ya lafa ta ɗaga hannu.

"Malam, ni yana da tambaya." Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. "Samuel zai shiga sama?"

"In tubansa na gaskiya ne, Mama, zai shiga."

"Zai zauna wuri ɗaya da yaro na?"

Malam ya gyara tabarau ya ce i.

"Kai ka karanta mana, wanda bai yafe ba, Allah ba zai yafe mashi ba. Ni bai yafe ba. Na gwada, ya ƙi. To Samuel yana ciki da Irimiya, ni da na haife shi zai tsaya waje?"

Malam Ishaku ya yi ta buɗe shafi yana rufewa, daga ƙarshe ya ce yafiya shawara ce, mutum ya furta da baki, zuciya za ta biyo baya. Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai wani ɗan'uwa mai gyaran babur, wanda bakinsa kullum ke riga hankalinsa, ya ce ai a rubuce yake cewa sai daga zuciya. Na ji kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba, haka aka rubuta.

Daga ranar Elizabet ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta daina karɓar jibin Ubangiji a coci. Ta shiga azumi ba ji ba gani, har ran nan jiri ya kwashe ta a gaban kaskon mai, ba don direbobin tasha ba da labarin ya sha bamban. Na ce ta canja ƙungiya, ta ce ko ta canja, ayar tana nan. Na kai ta wurin fasto, ya yi mata addu'a mai tsawo ya ce lokaci zai warkar. Ta ce masa ita da ciwon hawan jini, wane lokaci gare ta?

Har Hajiya Rahmatu, Banufiyar da ke sayar mata da man gyaɗa, sai da Elizabet ta je ta tambaye ta. Hajiya ta ce a wurinsu Musulmi hakkin jini ba ya faɗuwa sai mai hakki ya yafe. Elizabet ta dawo ta ba ni labari tana dariya marar daɗi. "A wurinmu shi an gama da nashi, Maman Purity. Ni ne mai laifi yanzu."

Ni kam na yi fushi da Allah a makonnin nan, kuma na faɗa masa. Matar da ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, ita ce ke ramewa don tsoron wuta.

Ran wata Asabar ta buga mini ƙofa da safe, da kular abinci a hannu. Ta daka sakwara, ta yi miyar agushi da busasshen kifi. Ta ce in raka ta gidan yari. Wataƙila in ta gan shi da idonta, abin da ya tokare mata ƙirji zai sauka.

Aka fito da Samuel, ya rame, wuya kamar na kaza. Yana ganinta ya zube ƙasa. "Mama, ki yafe mini. Sun ce za su yanka uwata."

Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa. Sannan ta ce, "Na yafe." Ta buɗe kular, ta tura masa, ta zauna tana kallo har ya cinye tas. Ni kuwa hawaye nake ta yi ina gode wa Allah a zuci, na ɗauka an gama.

Muka shiga keke muka kamo hanyar komawa. Sai da muka kusa gida ta kama hannuna.

"Yana ci, ni yana roƙo ƙashin kifi ya maƙale mashi," in ji ta. "Baki na ya faɗa, amma Allah ya ji na ciki."

Na buɗe baki in kawo mata wata aya, ta girgiza kai.

"Bari, Maman Purity. Ke za ki shiga sama. In kin ga yaro na, dogo ne, yana da wushirya. Ki gaya mashi mamanshi ba ƙin zuwa ya yi ba."