Zumar Baba ta Shekara Uku

Jiya a ɗakinmu na unguwar Utaiƙa, nan ƙasar waje, na jera wa abokina Sani kwalabe uku na zumar da Baba ke aiko min daga Maraɗi, kowace da shekararta.

Ta farko tana ƙamshin furen ɗorawa. Ta biyu baƙa ce, mai kauri. Da ya lashi ta ukun sai ya yamutsa fuska.

"Wannan hayaƙi ya yi mata yawa. Ba hannu ɗaya ba ne."

Na ce, "Ƙanena ya ɗebe ta. Baba na kwance, suka ɓoye min."

A lokacin har ƙorafin ƙauri na yi wa Baba a waya. Ya yi dariya, ya ce zai gyara baɗi. Bai kai baɗin ba.

Ku sa shi a addu'a, don Allah.