Ƙwaryar Inna a Kasuwar Tsofaffin Kaya

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi a Amurka, wasu na manta, wasu ma na yi murna da na manta su. Amma akwai wata Lahadi da na san da ita zan shiga kabari, kuma ba don ta yi mini daɗi ba.

'Yata ce ta ja ni. Tana shirin komawa jami'a, ta nace sai na raka ta Georgetown, kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a fili duk Lahadi, wai tana neman fitilar tebur irin ta da. Muka taso daga Bowie da hantsi, muka sha wahalar samun wurin ajiye mota, muka taka ta gefen tsohuwar hanyar ruwan nan da aka haƙa wa jiragen dakon kaya tun zamanin da. Ruwan ya ja baya, sai ciyawa da agwagi. Ni dai ina tafe ina mita, don ƙafata ba ta son hawa tudu.

Kasuwar cike take. Ga madubai, ga agogunan bango da suka daina aiki, ga cokulan azurfa, ga hotunan auren mutanen da ba wanda ya san su, an zuba a kwali ana ta tonawa. Na tuna na ce wa 'yata, "Ki duba, kakannin wasu ne fa ake sayarwa." Ta yi dariya ta amsa mini da Turanci, kamar kullum.

A teburin wani Bature mai farin gemu na tsaya. Tsakanin wata tsohuwar rediyo da tulin faranti, ga ƙwarya mai zanen wuta, an liƙa mata 'yar takarda wai kwanon tsafi ne daga Afirka. Na ɗauka don in yi dariya, sai na juya ta na ga ɗinki a gefe, tsagewa ce mai tsawon yatsa an ɗinke ta da jan zare. Na san wannan tsagewar, domin ni na yi ta.

Ƙwaryar Inna ce. Inna ba mahaifiyata ba ce, ba mu haɗa ko dangi ba. Mutuniyar Maraɗi ce da ta zo ƙasar nan tuntuni a matsayin mai rainon 'ya'yan wani ma'aikacin jakadanci, suka koma ita ta zauna. Ba ta taɓa haihuwa ba. Lokacin da na haifi wannan 'yar tawa muna zaune a Landover, ɗaki ɗaya da falo, maigidana yana karatu yana aiki, ni ba uwa ba 'yar'uwa. Inna ta ji labari a masallaci, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da tukunyar kunun kanwa a hannu. Kwana arba'in tana zuwa, ta yi wa jaririya wanka, ta gasa mini jiki, ta dama mini fura a wannan ƙwaryar. Ranar da ta suɓuce mini ta tsage na fashe da kuka, don na san daga gida ta zo da ita. Inna ta ce, "Ke ɗiyata, don ƙwarya kike kuka? Miƙo mini allura."

Na tambayi Baturen inda ya same ta. Ya ce shi sana'arsa ke nan, idan an kwashe gidan da mai shi ya mutu ko ya tashi, yakan sayi kayan a dunƙule. Wannan daga wani gida a Landover ta fito, watannin baya. Mai gidan fa? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai taɓa tambaya ba. Da ya ga hawayena sai ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Ga faifanta, ga ludayinta, ga carbinta mai baƙin dutse, ga hoton sunan 'yata, Inna tana riƙe da ita tana dariya da giɓinta. Ya ce in ɗauka duka, ya ƙi karɓar komai.

A nan tsakiyar kasuwa na tsaya ina lissafin rabona da ita. Shekara huɗu. Ba faɗa muka yi ba, da ma faɗa ne da na sami abin fakewa. Mun sayi gida a Bowie, na sami aiki a kantin magani, yara suka girma, aka shiga annoba aka fita. Takan kira, in ga kiran ina wurin aiki, in ce sai Asabar. Asabar ta zo ta wuce. Daga baya na canza lamba, na tura wa mutane da yawa sabuwar, ita na manta. Tafiyar da ke tsakaninmu ba ta kai ta minti ashirin a mota ba.

Daga kasuwar sai muka nufi Landover, gidan Inna. Wasu ne a ɗakinta. Maƙwabciyarta, wata Bahaushiyar Kumasi, ta gane ni tun kafin in gaishe ta.

"Hajiya, sai yau?" Abin da ta fara ce mini ke nan.

Na ce, "Ta rasu ne?"

"Tana nan da rai. Faɗuwa ta yi a banɗaki, rabin jikinta ya shanye. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi, wata bakwai ke nan. Sunanki ta yi ta kira. Mun buga lambarki har mun gaji."

Ba ta zage ni ba. Ta rubuta mini adireshin ta rufe ƙofarta a hankali.

A gidan tsofaffin, ma'aikaciyar jinyar da ta kai mu ɗakin Inna mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata laifi ba. Ta ce tun da aka kawo ta ba ta yi kalma ɗaya ta Turanci ba, ɗan abin da ta iya ciwon ya tafi da shi. Sai dai kullum tana dafa kanta tana maimaita wata magana, suna ba ta maganin ciwon kai amma ba ta dainawa.

Na shiga na ganta. Inna da ke cika ƙofa ta koma kamar tsumma a kan gado. An rage mata gashi, furfurar a waje. Matar da tun da na san ta ban taɓa ganin gashinta ba. Ta ɗaga hannun da ke motsi ta dafa kai, ta ce, "Kallabina. Ku ba ni kallabina."

Wata bakwai abin da take roƙo ke nan. Na cire gyalena na ɗaura mata. Ta shafa, ta sake shafawa, ta sauke ajiyar zuciya.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce. Ki gafarce ni."

Ta dube ni da kyau. "Baiwar Allah, kina jin Hausa? Ke ɗiyar wa ce?"

Na faɗi sunana, na faɗi na maigidana, na jawo 'yata na ce ga jaririyar da kika yi wa wanka. 'Yata ta buɗe baki ta rasa da wane harshe za ta yi mata magana, sai ta riƙe mata hannu tana kuka. Inna ba ta gane mu ba. Ta dai yi ta sa mini albarka irin wadda ake sa wa baƙuwar da ta yi maka alheri a hanya.

"Kin kyauta," in ji ta. "Allah shi ba ki ɗiyan da za su neme ki."

Kullum na riƙa zuwa bayan haka, da kunu, da farfesu, da kallabai sababbi. Kullum sai ta tambaye ni ɗiyar wa ce. Ranar da na cika mako uku ina zuwa ta rasu da la'asar, ina kan hanya. Mun yi mata wanka, an yi mata salla, mutane sun taru fiye da yadda na zata, ana ta yi mini sannu da ƙoƙari. Kowace sannu kamar mari nake jin ta. Gafarar da na nema, na nema ne a wurin wadda ba ta ƙara sanin laifin da na yi mata ba, don haka har yau ban san ko ta yafe ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A da na ɗauka sai mugu ke yanke zumunci. Ashe mutumin kirki ma yana yankewa, a hankali, da "sai an jima" da "sai na sami lokaci". A ƙasar nan tsoho zai iya ɓacewa a gari ɗaya da kai, ba wanda zai zo ya faɗa maka. In akwai wanda ya taɓa tsaya maka ranar da ba ka da kowa, ka je ka gan shi tun yana iya gane fuskarka.