Hoton Huhun Karen Matata

Ni ne wawan wannan labarin, gara in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni.

Muna da wani tsohon kare a gidanmu na Jos Jarawa. Tun da yara suka watse, da shi matata take hira, ni sai gaisuwa. Wata Asabar da safe ya ƙi tashi. Haƙarƙarinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri, harshensa ya yi duhu. Muka sa shi a keke napep sai asibitin dabbobi.

Likitar, yarinya ce sa'ar autarmu, ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ɗaga a haske, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Baba, hoton bai nuna komai ba."

Ni da na yi aji huɗu cur, sai na fassara wa matata: "Kin ji ko, babu komai."

Likitar ta ce, "Ba haka na ce ba, Baba. Ina zargin jini ne ya daskare ya toshe jijiyar huhu. Irin wannan hoton sau da yawa ba ya kama shi. Na'urar da ke ganinsa sai an fara sa wani ruwa a jijiya, kuma ba mu da ita. Ku bar min shi yau."

Na gyara hula na ce, "'Yata, tun kafin a haifi babanki ake ɗaukata hoto. Abin da ke wurin shi yake fitowa." Na sa aka mayar da karen keke.

Ba mu kai Gada Biyu ba ya sandare a cinyar matata, idanu a buɗe, ba ya ganin kowa. Na dafa ƙirjinsa, zuciyar ta buga da ƙarfi, ta tsaya, ta sake bugawa. Matata ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba. Wannan ya fi komai tsorata ni. Na ce wa mai keke ya juya.

Likitar ta karɓe shi. Ta sa masa iska a hanci, ta yi masa allurar tsinka jini, ta rufe ƙofa. Muka zauna a benci. Ina jin numfashinsa ta bango, duk sanda ya ɗauke sai in ƙara kasa kunne.

Da zaman ya ishe ni, na ce a hankali, "Amma dai ke ma kin ga hoton nan, fes ya fito."

Idonta na kan ƙofar ta ce, "Kai ma a hoton aurenmu kamar mai hankali ka fito."