Barden da Bai Koma Gida Ba

Shekara uku na yi a wani ɗan ɗaki a unguwar Hulme, a Ingila, ina bin sawun mutumin da ya mutu shekaru aru-aru da suka wuce. Basarake ne Bafaranshe, barde, mai ganuwa da gonakin inabi a bakin wani kogi. Littattafai sun ce tun yana saurayi Turawan Ingila suka kama shi a fagen daga, daga baya ya koma gida ya jagoranci yaƙi uku. A kansa nake rubuta kundin digirina na uku.

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai aka ce za a rufe sashenmu a jami'a. Malamata, dattijuwar da ta koya mini karatun tsohon Faransanci, ta kira ni ofishinta. Littattafanta duk suna cikin kwali.

"Wata biyu ya rage mini," ta ce. "In na tafi babu mai duba miki aikin nan. Maza ki je Birmingham ki ga wasiƙun gidan barden nan."

Wasiƙun suna wani ƙaramin laburare da hukumar birnin ta mayar da buɗe shi kwana biyu a mako. Zuwana na farko kwaɗo na tarar a ƙofa. Na sauka wurin ƙanwar mahaifiyata, likita a unguwar Handsworth.

"'Yata, me ya haɗa ki da Bafaranshe?" ta ce. "Tarihinmu ya ƙare ne?"

"Inna, ki dai yi mini addu'a."

Ran Alhamis ma'aikacin laburaren ya ba ni awa biyu. A wasiƙa ta huɗu na ga matar barden tana roƙon a ba ta gawar mijinta. Ashe zazzaɓi ya kashe shi a kurkukun Ingila. Yaƙe-yaƙen nan uku ɗan ƙanensa ne ya yi su, wanda ya ci sunansa ya gaji sarautarsa. Babi huɗu na kundina a kansu suke.

Na maimaita karatun har idona ya yi ja, ko Allah zai sa ni ce na yi kuskure. A tashar bas na kira malamata, kuka ya hana ni magana sai da ƙyar.

Da na gaya mata, ta ce, "Babban abu kika gano. Amma shekara yake buƙata, ni kuwa ba ni da ita."

Na rubuta wa malamai a wasu jami'o'i ko wani zai karɓe ni. Masu amsawa suka ce su ma rage ma'aikata ake yi. Bizata kuma ta kusa ƙarewa. Na sake rubuta abin da na iya cikin mako bakwai, bai isa ba. Digiri na biyu aka ba ni a madadinsa.

Na tattara na komo gida. Ban gaya wa Baba abin da ya faru ba sai da muka baro filin jirgin Kano, yana tuƙi.